Masu Yi wa Harba-Ruga Dariya, Ku Saurara



Tun farkon 2024, lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi Bwari da unguwannin gefen Abuja, wata magana ta kama bakin mutanenmu, har yau kuma ba ta sake shi ba: wai a bar kowa ya mallaki ƙaramar bindiga. A teburin mai shayi ana yi, a rumfunan kasuwar Wuse ana yi, a WhatsApp kuwa ba a magana, hotunan Glock da Beretta ne ke yawo kamar hoton amarya. Yaron da ko kaza bai taɓa yankawa ba zai zauna ya lissafa maka harsashi nawa kowacce ke ɗauka. Amma ka kuskura ka ambaci bindigar toka, irin wadda maharbin Kwali ko na Abaji ke ratayawa ya shiga daji, sai wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce bututun famfo ce aka ɗaura wa itace. Wani ya ce ai sunanta ma ya tona mata asiri, harba-ruga, ka harba ka ruga. Wannan dariyar ce ta dame ni, domin dariya ce ta wanda bai san abin da yake yi wa dariya ba, kuma ta riga ta fara cin rayuka.

Hujjar masu dariya guda ɗaya ce idan ka tace ta: abin da duniya ke rububi shi ne mai kyau, abin da ba ya kasuwa kuwa tarkace ne. To bari mu bi su can ƙasashen da suke kwaso hotunan, mu ga ko masu ƙananan bindigogin da kansu sun yarda da wannan magana.

A farkon shekarun 1980 sojojin ƙasar Austiriya suka nemi sabuwar fistol. Tsohon kamfaninsu mai suna Steyr, wanda ya haura shekara ɗari yana ƙera makamai, ya kawo wata da ake kira GB. Tana ɗaukar harsashi 18, bututunta a kafe yake ba ya motsi lokacin harbi, abin da ya sa take da saiti ƙwarai. Sai ga wani mutum, Gaston Glock, wanda sana'arsa ƙera sandunan labule da wuƙaƙen soja, ya kawo tasa mai jikin roba, mai sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, ya cinye kwangilar. GB ta sake gwada sa'arta a Amurka, can ma Beretta ta yi gaba da ita. Zuwa 1988 Steyr ya daina ƙera ta gaba ɗaya. Yau masu tara bindigogi a Turai da Amurka nemanta suke yi ido rufe, waɗanda suke da ita kuma yabon saitinta suke yi. Ba ta canza ba, ita ce dai wadda kasuwa ta ƙi.

Haka Webley-Fosbery ta Ingila, wata libarba da ta fito a 1901, mai juya kanta da ƙarfin harbin da ta yi. Duka waɗanda aka ƙera ba su kai 5,000 ba, rundunar sojan Ingila kuma ba ta taɓa ɗaukarta a hukumance ba, domin laka da yashi na shiga mata. Amma a filin gasar harbi na Bisley gwanaye sun so ta sosai. A Amurka akwai Whitney Wolverine ta 1956, wadda aka yi wajen 13,000 kamfanin ya durƙushe, saboda muguwar yarjejeniyar da ya ƙulla da dillalinsa da kuma abokan gasa da suka karya farashi. Bindiga na faɗuwa a kasuwa saboda kwangila, ko farashi, ko dillali, ko don ta zo a lokacin da ba nata ba. Wanda ya san bindiga tambaya ɗaya yake yi: aikin da aka ƙera ta dominsa, tana yin sa?

Mu a nan, duk waɗannan sunaye labari ne kawai, kuma ya kamata samarinmu su ji wannan da kyau. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ke aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashin farko su ne haramtattu, kuma fistol da libarba a nan suke, layi ɗaya da bindiga mai jigida da bindigogin yaƙi. Ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, wanda aka kama da ɗaya babu izini kuwa ɗaurin da ke jiransa ba ya gaza shekara 10. Kashi na biyu su ne irin bindigar harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a 2023 Kayode Egbetokun ya bayyana cewa an dakatar da bayarwa. Da Gwamna Bello Matawalle ya ce wa mutanen Zamfara su nemi bindiga a watan Yunin 2022, nan take shugabannin tsaro suka ce ba shi da wannan hurumi. Kashi na uku su ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato tamu ta gargajiya, wadda al'amarinta a jihohi ke hannun kwamishinan 'yan sanda. Ashe ke nan bindigar da ake yi wa dariya ita ce wadda doka ta fi sassauta wa talaka a kanta, wadda ake ta yaɗa hotonta kuwa ita ce hanyar Kuje mafi kusa.

To, harba-ruga tana yin aikin da aka ƙera ta dominsa? Ku tambayi manomin da birai suka hana shi sakat a gonar masara. Ku tambayi maharbin da ya ciyar da gida shekara talatin da naman gada da zomo da fakara da zabin daji. Bindiga ce da ba ta cin zango mai nisa, cikin bututunta sumul yake, ɗurin ta kuma na ɗaukar lokaci, idan damina ta jiƙa albarushi sai a haƙura. Duk wannan gaskiya ne. Amma waɗannan gazawar su suka yi maharbin Hausa. Tunda harbi ɗaya gare shi, dole ya san iska ta ina take kaɗawa, ya san sawu, ya san inda dabba ke shan ruwa, ya iya rarrafe ya matso har ya ji numfashinta. Wanda ya taɓa ganin maharbi ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya yana sara ƙasa kamar tsuntsun har ya shiga tsakiyar namun daji, ya san ƙwarewa ba a cikin ƙarfen take ba. Mai bindigar da ke zazzaga harsashi talatin ba ya bukatar koyon ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa yaro ɗan shekara sha biyar ke iya zama ɗan ta'adda cikin mako guda, amma ba ya zama maharbi sai ya yi shekaru yana bin ubangidansa da gora.

Kuma idan ta lalace, maƙerin ƙauye zai gyara ta da yamma a koma daji da asuba. Ba a jiran kaya daga Turai, ba a neman dala.

Sannan tana da aiki na biyu, wanda kowa a cikinmu ya ji daɗinsa tun yana yaro ko da yanzu yana noƙewa. Wa ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a Kano, ko hawan sallah a Katsina ko Zariya, bai ji gabansa ya faɗi ba lokacin da 'yan bindigar sarki suka saki wuta gaba ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, ƙamshin albarushi ya cika hanci, dawaki suna tsuma, yara suna toshe kunne suna dariya? A garuruwan sarauta da dama, da ƙarar nan ake sanar da talakawa an ga wata, da ita ake shaida an naɗa sabon sarki. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Muka yi ta murna muna tura wa juna labarin. To ku cire 'yan bindiga daga hawan ku ga abin da zai rage. Fistol ba za ta iya wannan aiki ba ko an tara dubu, ƙararta kamar an fasa leda ce a kan ta toka, hayaƙin ma babu.

Tarihinta a ƙasarmu ya fi na yawancin gidajen sarautar yanzu tsawo. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Barno da bindigogi tun zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, ko da yake masana na ja da wannan, suna ganin ya yi wuri da yawa. Abin da ba a ja a kai shi ne Mai Idris Alooma na Barno yana da rundunar 'yan bindiga a ƙarni na 16, waɗanda Turkawa suka horar. Littafin Kano ɗin ya kuma ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. A Damagaram, Sarki Tanimu ya tara dubban bindigogi a ƙarni na 19, har igwa ake zubawa a cikin birnin Zinder. Daga kudu kuma bindigogin fatake na ta hauhawa daga bakin teku. Sunan da ake kiran ta da shi a Turancin Najeriya ma daga mutanen Denmak ya samo asali, waɗanda suka yi ciniki a gaɓar tekun Gana ta yau, inda suka riƙe ganuwar Christiansborg a Ankara.

Akwai wani abu a tarihin nan da masu dariya ya kamata su tauna. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a birnin Brasels suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta taƙaita sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, aka bar mana masu ƙanƙara da albarushin fatake. Shekara goma sha biyu bayan haka Turawa suka shiga tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828, wato Suleja ta yau, garin da ya ba wa wannan birni sunansa a 1976. A 1903 Kano ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, aka ƙare a Burmi. Kakanninmu sun tari bindiga mai jigida da harba-ruga da kibiya da takobi, domin da gangan aka tsare su a nan. Wanda ya ga bindigar da suka riƙe a wannan rana ya yi dariya, ban san me zan kira shi ba.

Yanzu ku duba abin da ya sami kalmar kanta. A da, idan aka ce ɗan bindiga, ana nufin bawan sarki mai kayan ado, mai tafiya a ƙasa gaban ubangidansa, ƙarƙashin Sarkin Bindiga. Yau ka buɗe rediyo ka ji an ce 'yan bindiga, kowa ya san ɓarayin daji ake nufi. Sun sace shanu, sun sace mutane, sun haɗa da sunan. Mu kuma da muke da bakin da za mu bambance wa duniya tsakanin maharbi da ɗan fashi, mun zauna muna yi wa maharbin ba'a.

Sakamakon rashin bambancewar nan mun gan shi a Uromi ta jihar Edo ranar 27 ga Maris, 2025. Mafarauta ne 'yan Kano, akasarinsu daga ƙaramar hukumar Bunkure, suna dawowa daga Fatakwal za su gida yin sallah. 'Yan sintiri suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta ƙirar gida, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya taka har Kano ya yi ta'aziyya. Laifin na waɗanda suka yi kisan ne, babu mai ɗauke musu shi, kuma ba zan haɗa mai dariya da mai kisa ba. Amma ku lura da abin da ya faru: an ga bindigar da duk mai ido ya san ba da ita ake tare hanya a kwashe fasinja ba, aka ɗauke ta hujja. Mun yi kuka, mun yi rubuce-rubuce, bayan mako biyu muka koma raina sana'ar da suka mutu a kanta. Nawa ne a cikin masu iliminmu na Abuja, lauyoyi da manyan ma'aikata da 'yan jarida, suka taɓa zama da ƙungiyar mafarauta suka tambaye su yadda suke samun takarda, da yadda suke ratsa jihohi biyar ko shida da kayan sana'arsu?

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu daga ciki maganganu ne masu nauyi. Za a ce bututunta na fashewa. Haka ne, yana fashewa, akwai masu yatsu uku a ƙauyukanmu da za su ba da shaida, kuma an sha samun wanda ya cika albarushi fiye da kima wajen biki don a ce tasa ta fi ƙara, ya raunata kansa ko na kusa da shi. Za a ce wasu maƙera sun bar ta toka sun koma ƙera fistol da kwaikwayon AK-47 suna sayar wa ɓarayi. Wannan ma haka ne, 'yan sanda na kama su, kuma duk maƙerin da ya yi haka a hukunta shi, ba ni da ta cewa. Za a ce namun daji sun ƙare. Sun yi ƙaranci ƙwarai, maharba na da nasu kason laifi, ko da yake mai saran daji ya yi gawayi da mai gina rukunin gidaje a kan kurmi sun fi su ɓarna nesa ba kusa ba. Sai dai duk waɗannan matsaloli ne na sana'ar da aka yi watsi da ita. Dokar 1959 ta buɗe ƙofar ba da izinin ƙerawa da gyaran bindigar ɗuri ta baki. Da ana amfani da ƙofar, da an san maƙeran, an san ƙarfen da suke amfani da shi, an buga wa kowace bindiga lamba, mai ƙera ta haram kuma ya fita fili. Da aka ƙi kula su, sai nagari da mugu suka koma aiki a ɓoye tare, ɗan sanda kuma ya samu abin tatsa a hanya.

Game da inda makaman ɓarayi ke fitowa kuwa, ba sai na yi dogon bayani ba. A watan Oktoban 2024, lokacin da cibiyar ƙasa mai kula da yaɗuwar ƙananan makamai ta lalata bindigogi sama da 2,000 a barikin soja na Giri nan Abuja, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribadu, da bakinsa ya ce da yawa daga makaman da ke hannun miyagu asalinsu na gwamnati ne, kuma ya la'anci jami'an da ke sayar da su. Ba maƙerin Kwali ya faɗa ba.

Kada kuma wani ya juya maganata ya ce na ce a tura mafarauta su yaƙi masu AK-47. An yi ta yabon maharban Adamawa da suka taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamban 2014, kuma sun cancanci yabo. Amma abin da suka kai fagen nan sanin daji ne da ƙarfin zuciya. Gwamnatin da ta ga haka ta mayar da shi al'ada, tana tura mai harbi ɗaya gaban mai harbi talatin tana ba shi buhun shinkafa, cin amana take yi. Wannan ma wani nau'in raini ne, a raina bindigar a kuma raina ran mai ita. Tsaron Bwari da Kuje da Gwagwalada aikin waɗanda ake biya albashi ne aka ba su makamai da kuɗin jama'a, su za mu riƙe. Fistol a aljihun ɗan kasuwa ba za ta hana mutum ashirin masu manyan bindigogi fasa gida da tsakar dare ba. Abin da za ta fi yi shi ne ta mayar da rigimar fili, da faɗan kishiyoyi, da cacar baki a cunkoson Nyanya zuwa jana'iza.

Af, wani abin mamaki: mutanen nan da ke raina ƙirar gida su ne kuma ke kukan Najeriya ba ta ƙera komai. Tun 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna, kuma kowa ya san irin tafiyar hawainiyar da ta yi shekara da shekaru, har sai da aka sake mata doka a 2023. Ƙasar da ke da maƙeran da za su kalli abu sau ɗaya su fitar da irinsa da guduma da zuga-zugi, amma hanyar da ta sani ta hulɗa da su ita ce ta jera su gaban kyamara da ankwa.

Abin da ya kamata masu faɗa a ji a cikinmu su sa a gaba a bayyane yake. A zauna da sarakunan baka da shugabannin mafarauta na Abaji, Kwali, Kuje, Gwagwalada da Bwari, a san su waye, a taimaka musu su yi rajista da rundunar 'yan sandan birnin tarayya, kowa ya riƙe takardarsa da katin shaida mai hoto. Lauyoyinmu su rubuta bayanin dokar nan da Hausa a shafi ɗaya, a raba, domin maharbi ya san abin da ya halatta masa, saurayi mai mafarkin Glock kuma ya san shekarun da ke jiransa. Duk ayarin mafarauta da zai ratsa jihohi ya tafi da wasiƙar hakiminsa, a kuma sanar da sarkin Hausawan garin da za su sauka kafin su isa. Masarautu su sa ido kan yawan albarushin da ake ɗurawa a wajen hawa da biki, a daina barin yara na tsayawa a bakin bindiga. Sannan idan cibiyar nan ta Abuja za ta sake lalata makaman da aka kama, a roƙe ta ta bar ma'aikatan hukumar gidajen tarihi su fara dubawa, domin a cikin tarin akan samu tsofaffin bindigogin ƙanƙara da suka girmi Najeriya, waɗanda wurinsu Gidan Makama ne ko wani ɗakin ajiya a Suleja.